Ramin Sanyi a Tsakiyar Teku: Kwana Tara Daga Las Palmas Zuwa Mindelo

Ranar da na fara taka jirgin ruwan, tun kafin dattijon da ke da shi ya nuna mini gadon da zan riƙa kwana, sai ya ja ni ɗan lungun da ake girki, ya ɗaga wani murfi mai kauri a kan kanta, ya ce in zura hannu. Na zura har kafaɗa kafin yatsuna su taɓa ƙasa. Rami ne kamar ƙaramar rijiya, cikinsa bai fi jarka biyu ta lita 25 ba. Ya ce, "Wannan ne firij ɗinmu. Daga yau yana hannunka. Sau biyu za a buɗe shi a rana, kuma kai kaɗai za ka riƙa buɗewa."

Ni mutumin Gumel ne a jihar Jigawa. Neman abinci ya kai ni Las Palmas, babban birnin Gran Canaria, ɗaya daga tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya da ke yamma da gaɓar Maroko. Shekara shida ina aikin kankare gindin jirage da yi musu fenti, amma ban taɓa yin nisan da ƙasa za ta ɓace mini ba. Duk watan Nuwamba nakan tsaya in kalli ayarin jiragen ruwan nan da ake kira ARC, wanda tun 1986 yake tashi daga nan ya ƙetare Atlantika, mutane na ta jigilar kwandunan kayan miya zuwa jiragensu kamar gidan da ake shirin biki. Mu sai da suka tafi muka shirya, a farkon Disamba, gari ya lafa, kasuwa ta yi sauƙi.

Mai jirgin ɗan Sifaniya ne, malamin makaranta da ya yi ritaya. Baba nake ce masa, tun yana murmushi har ya saba. Na ukunmu abokin aikina ne, masunci daga unguwar Guet Ndar ta Saint-Louis a Senegal. Ya ba ni kusan shekara goma, don haka Yaya nake kiransa. Su biyu za su wuce har Karebiyan. Ni zangon farko kaɗai hutuna ya isa: daga Las Palmas zuwa Mindelo a tsibirin São Vicente na Cape Verde, mil 850 da ɗoriya na teku, wajen kilomita 1,600 ke nan. Tsawon jirgin bai cika mita 10 ba, kuma iska ce ke tura shi, ta cika manyan ƙyallaye biyu da ke ɗaure a doguwar sandar tsakiya. Akwai ƙaramin injin dizal, amma tankinsa lita 70 ne kacal.

A daren nan Baba ya zaunar da ni da takarda da fensir. Ya ce, "Ɗana, a nan sanyi saye ake yi, kuma da wuta ake biya." Batura biyu gare mu, kowanne na ɗaukar amp 100 na awa ɗaya. Irin batirin nan na dalma ba a so a zuƙe shi ya wuce rabi, in ba haka ba kwanansa ya ƙare da wuri, don haka a zahiri 100 muke da su, ba 200 ba. Kwamfuresar firij ɗin na jan wajen amp 4 in tana aiki, kuma a yanayin ɗumi takan yi kusan awa 12 cikin 24 tana aiki. Ka ga kusan 50 sun tafi. Farantin sola ɗaya ne a bayan jirgi, mai wat 100, ranar da ya yi ƙoƙari ya ba da 30, shi ma in ƙyalle bai yi masa inuwa ba. Ga fitilun dare, ga rediyo, ga na'urar da ke nuna mana manyan jirage tun suna nesa. Giɓin da ya rage sai a tada inji awa ɗaya a rana ya cike. Duk wanda ya zauna da sola ko janareta a gida ya san wannan lissafi. Abin da ya bambanta shi ne a teku babu maƙwabciyar da za ka aika wa nama ta ajiye maka.

Sai na gane dalilin da aka yi shi rami. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, kwanciya take yi a ƙasa kamar ruwa a kwano. Firij ɗin gida mai ƙofa a gefe, kana buɗewa sanyin zai zubo a ƙafafunka, amma mai murfi a sama yana riƙe da abinsa. Matsalar namu bango ce. Masana na so kaurin soson da ke kewaye da ramin ya kai santimita 10, na wannan tsohon jirgi bai kai rabin haka ba, kuma gefe ɗaya na jingine da ɗakin inji. Na yanko farin soson nan da ake naɗo sabuwar talabijin a ciki na liƙa ta wannan gefe, na kuma yanka wata tabarmar roba daidai bakin ramin ta zama murfi na biyu.

Cikin duk abin da zai shiga ramin, abu ɗaya ne Baba ya miƙo mini da hannu biyu: ƙaramar roba mai murfi, cike da allurar insulin. Yana da ciwon suga. Sau biyu ya maimaita mini bayanin. Wadda ba a fara amfani da ita ba tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Wadda aka fara, ko wadda ta rabu da sanyi, takan kai wajen mako huɗu in zafi bai yi yawa ba, daga nan ba a dogara da ƙarfinta. In kuwa ta daskare ta lalace, ko da ta narke daga baya. Ta wata huɗu ya ɗauko. Na naɗe robar da tawul, na ba ta wuri a sama, nesa da farantin ƙarfen da ke fitar da sanyi, na ɗaure mata ma'aunin zafi a jiki.

Nama mun saya wurin wani mahauci ɗan Maroko a bayan tashar jiragen ruwa, saboda ni da Yaya sai na halal. Mahautan garin sun saba da matafiyan teku. Ka faɗi kwanaki da yawan bakuna, su yanka maka kashi-kashi, kowane kashi na girki ɗaya, su sa a leda su zuƙe iskar da inji, su ajiye a firizarsu kwana uku har ya zama dutse. Kashi takwas muka karɓa, na sa da na kaza. Firij ɗinmu ba ya daskarar da komai, riƙe sanyin da aka kawo masa kawai ya iya, don haka na cika gora shida masu lita ɗaya da rabi, na bar musu ɗan sarari a wuya, na daskarar a firizar wurin aikinmu. Wannan kam na san shi tun ina yaro. Da azumi ni ke tura baron ƙanƙarar kawuna daga tasha zuwa bakin kasuwa, kuma na ga yadda babban dunƙule ke kai magariba a cikin buhu da dusar katako, gutsattsari kuwa kafin la'asar sun zama ruwa. Gora ta ma fi dunƙule, domin in ta narke ba ta jiƙa abinci, ruwan ba ya taruwa a ƙasa ya yi wari, ga shi kuma ka samu na sha. Na jera gorunan a ƙasa, nama a kansu, na kwanakin ƙarshe can ciki, kaza a sama don ita za a fara ci. Sai cuku da botar Baba, sai robar magani. Na zana taswirar ramin a takarda na manna a murfi, don hannu ya san inda za shi tun kafin a buɗe.

Sauran kayan, wato mafi yawan abin da za mu ci, ko kusa da firij ba su je ba. Mun sayi ƙwai 60. A yawancin ƙasashen Turai ba a wanke ƙwai kafin a sayar, ba a kuma sa shi a sanyi a kanti, saboda ɓawonsa na da wani siririn rufi na halitta da ke toshe ƙofofinsa. Irin wannan yakan yi makonni a inuwa, muddin ana juya kiret ɗin duk bayan kwana biyu don kada gwaiduwa ta kwanta gefe ɗaya ta manne. Kiret ɗin na roba ne, domin Baba ba ya barin kwali ya hau masa jirgi, ya ce a lungunansa kyankyasai ke ajiye ƙwai. Kabeji da lemo da ɗanyen tumatir kore sun shiga ragar da muka rataye a rufin ɗaki, inda iska ke ratsawa. Dankalin turawa da kabewa sun tafi ƙarƙashin daɓe, inda jikin jirgi ke taɓa ruwan teku, nan ne wuri mafi sanyi bayan ramin. Albasa daban, don in ta kwana da dankali tsiro yake yi. Baba ya kawo buhun gofio, garin gasasshen hatsin da mutanen Kanari ke ci tun kafin zuwan Sifaniyawa, wanda ruwa da zuma kawai yake nema. Ni kuma na zo da kayan gida daga kantin 'yan Afirka ta Yamma: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, daddawa, yaji, garin rogo da dabino. Dambun nama da kaina na yi, tun da doka ba ta yarda matafiyi ya shigo Turai da nama a jaka ba.

Ana gobe za mu tashi na kira Inna. Ta yi mini addu'a mai tsawo, sannan ta ce, "To me za ku ci?" Na lissafa mata. Da na zo kan nama ta katse ni: "Ɗanye za ku tafi da shi? Kai ɗan nan, ka ƙara mai da gishiri. In abin nan naku ya tsaya, ai ka san yadda muke yi da naman layya." Na ce, "To, Inna." Na koma kanti na ƙaro lita biyu na mai.

Da hantsi muka kwance igiya. A gabashin Gran Canaria, daga wajen filin jirgin sama zuwa kudu, tsaunin tsibirin na matse iska ta ƙara ƙarfi farat ɗaya, shi ya sa Baba ya rage ƙyalle tun kafin mu isa. Duk da haka teku ta karɓe mu da ƙarfinta. Kwana biyu ni da Baba muna fama da jiri da amai, gofio da lemon tsami kaɗai ke zama a ciki, babu wanda ya ko ambaci nama. A rana ta uku cikina ya zauna. Iskar arewa maso gabas ta daidaita a bayanmu, jirgi na gangarawa kudu maso yamma yana rausaya, muna karɓa-karɓar gadi awa uku-uku. Salla a zaune muke yi, ƙafa a dafe da bango, alƙibla na hagunmu da ɗan baya.

Buɗe ramin ya zama mini kamar wani farali. Bayan asuba sau ɗaya, kafin magariba sau ɗaya. Kowa ya faɗi abin da yake so tukuna, in duba taswira, in ɗaga murfi, in ciro, in leƙa ma'auni, in rufe kafin in ƙirga goma. A littafin jirgi na rubuta digirin da ma'auni ya nuna: 4, 4, 5, 4, 5.

A daren rana ta uku ina gadin ƙarfe biyu zuwa biyar. A jirgi kunne kan haddace kowane sauti, kukan igiya, ƙarar kwano a cikin loka, da wani siririn gurnani na kwamfuresa da ke zuwa ya tafi. Daren nan gurnanin bai zo ba. Sai na ji ƙas, sai shiru. Bayan kamar minti ɗaya, ƙas, sai shiru. Gabana ya faɗi. Na sauka da tocila na karya dokar buɗewa. Ma'auni na nuna 9.

Na tashi Baba. Ya duba batura, da sauran ƙarfinsu, sun haura volt 12. Ya tada inji, nan take kwamfuresa ta kama. Ya kashe, ba a jima ba ta koma ƙas-ƙas ɗinta. Ya zauna a matakala ya yi mini bayani a hankali. Irin wannan firij yana da abin da ke yanke shi in wutar da ke isowa gare shi ta yi ƙasa, don kada ya kashe batir. In inji na aiki wuta kan hau wajen volt 14, sai ta isa. In an kashe, wani abu a kan hanya na cinye ta kafin ta ƙaraso. Ruwa ba ya tsami banza, akwai inda waya ta ci. Muka bi ta da tocila har inda ta shige bayan tankin ruwan sha, tanki cike, a ɗaure, ba abin da za a ɗaga ba ne a tekun da ke wurgi da mutum. Wayar ajiyar da ke jirgin siririya ce, kuma ko rabin hanya ba ta kai ba.

Gari na wayewa muka yi shawara mu uku. Dizal ba zai yarda a bar inji yana ta aiki ba, dole a rage na shiga tasha da na ranar da iska za ta ɗauke. Muka tsayar da awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma. Awa biyu ba za su riƙe wa nama sanyin da yake bukata ba, ƙasa da digiri 5, amma za su iya riƙe magani in an daina damun ramin. Na lalubi naman. Kashi bakwai suka rage, huɗu na sama sun saki, uku na ƙasa har yanzu dutse ne. Ukun nan muka bar su, su ma ƙanƙara ce ta kwana biyu. Huɗun kuwa na ce a ba ni.

Suya a jirgin da ke tangaɗi ba wasa ba ce. Murhun a rataye yake a kan ƙusoshi biyu, yana lilo don tukunya ta zauna daidai, kuma akwai ƙarafan da ke maƙale ta. Baba ya ce ba zan kunna wuta ba sai na sa wandon ruwan sama da takalmin roba, duk da zufar da nake yi, domin ƙunar mai a nan, kwana biyar tsakaninka da likita. Na ɗaura ɗamara a ƙugu na maƙala a jikin kanta. Na yanka naman ƙanana, na tafasa da gishiri da citta da tafarnuwa a tukunya mai zurfi har ruwan ya ƙone, sannan na zuba mai, bai kai sulusin tukunya ba. Na riƙa juyawa kamar yadda na ga Inna da yayyena na yi a tsakar gida washegarin babbar salla. Alamar da take dubawa ita na duba: muddin mai na kumfa yana tsartsatsi, da sauran ruwa a jikin naman. Sai ya yi tsit, naman ya yi ja ya ƙanƙance, sannan ya soyu. Awa uku na yi a tsaye. Da ya huce na ɗura a kwalabe uku, na tsiyaya mai har ya rufe shi ruf. Baba ya ɗaga kwalba ɗaya yana kallo a hasken taga, ya ce kakarsa ma a ƙauyensu haka take adana nama, cikin mai a tulun ƙasa, shekara hamsin rabon da ya tuna. Botarsa da ta fara narkewa na soye ta ta koma man shanu, cukun kuma ya naɗe shi da ƙyallen da ya jiƙa da ruwan khal.

Ruwan sanyi ne ya fi damuna. Na tuna randar tsakar gidanmu, na kuma tuna Malam Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, har ta kai shi ga kyautar Rolex a shekarar 2000. Sirrin ɗaya ne da na randa: ruwa in yana bushewa, da zafi yake tafiya. Na sa gorar ruwa cikin jiƙaƙƙiyar safa na rataye a inuwa inda iska ke bugawa. Bayan awa biyu na gwada. Iska na digiri 24, ruwan gora na 22. Na sake jiƙawa, bai gusa ba. Iskar teku a ƙoshe take da danshi, ba ta da wurin karɓar ƙari. A Gumel da bazara ka shanya riga kafin ka gama alwala ta fara bushewa, shi ya sa ruwan randa ke kashe haƙori. A nan tawul ɗina tun Las Palmas bai bushe sarai ba. Dabarar malamin ta ƙasarmu ce, an yi ta don busasshiyar iska, kuma sai a ranar na fahimci yadda ya san wurin da yake yi wa aiki.

Rana ta biyar igiyar da Yaya ke ja a baya ta miƙe. Kifin da suke kira dorado ne, wajen kilo shida, jikinsa kore da ruwan zinare, launin da ya dushe a gaban idonmu cikin 'yan mintoci. Murnata ba ta daɗe ba, don babu inda za a sa shi. Baba ya gargaɗe ni cewa wannan kifi da tuna in suka daɗe a ɗumi naman kan tara wani abu mai suna histamin, wanda dafuwa ba ta kashe shi, mutum ya ci fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya fito da ƙuraje. Yaya bai tsaya jin bayani ba, wuƙa na hannunsa. Ya zubar da jinin, ya fasa ciki, ya wanke da ruwan teku. Sulusi ya shiga tukunya kafin awa ta cika. Sauran ya feɗe siriri kamar mai shirin kilishi, ya binne a gishiri ya kwana, da safe ya rataye a wayar gefen jirgi. Yana aiki yana ba ni labarin manyan kwale-kwalen Saint-Louis da ke kwanaki a teku da akwatunan ƙanƙara, a jera kifi a jera ƙanƙara. Ya ce, "Ƙanena, mu ba kifi ke mayar da mu gida ba, ƙanƙara ce. Ranar da ta ƙare, tafiya ta ƙare." Kullum kafin faɗuwar rana yakan kwashe kifin ya shigar ciki saboda raɓa. Kwana uku ya ɗauka, kuma bai yi ƙarau ba, ya dai yi tauri kamar fata. A miyar kuka ya yi daɗi ƙwarai. Igiyar kuwa Yaya ya naɗe ta, ya ce ba a kama abin da ba za a iya adanawa ba. Ƙananan kifaye masu tashi da ke faɗowa cikin jirgi da dare su muke soyawa da safe.

An yi asara. Karas ɗin da na wanke na ƙulle a leda ya yi yauƙi tun rana ta huɗu, ya tafi teku. Ayaba ta nuna gaba ɗaya rana guda, ta kuma ja tumatirin da ke kusa da ita, saboda wata iska da nunanniyar ayaba ke fitarwa mai hanzarta nunar maƙwabtanta. Daga nan kullum da safe nakan taɓa kowane abu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi laushi shi ne abincin ranar. Kabeji bai ba mu kunya ba, ganye-ganye nake ɓarewa daga waje ba na saran sa da wuƙa. Ƙwai kafin in fasa sai na sa a kofin ruwa, duk suka nutse, ko ɗaya bai taso ba. Da dare nakan dama madarar gari da ruwan ɗumi, in sa cokali ɗaya na kindirmon jiya, in rufe a filas mai faɗin baki. Da safe ya kama. In aka dama shi da gofio, mutum ya rufe ido sai ya rantse fura da nono yake sha.

Rana ta bakwai gora ta ƙarshe ta narke, naman ƙasan ma mun riga mun cinye. Kafin injin yamma ma'auni ya kai 8, washegari da safe ya taɓa 10. Baba bai ce komai ba, amma na ga ya daɗe yana kallon littafin. Allurar da yake amfani da ita ba ta cikin haɗari. Ta watanni masu zuwa ce abin ji, domin in ta ɗumama kwanakinta sun fara ƙirguwa, ga shi kuma babbar ƙetara na gabansu. A nan kindirmo ya ƙare, filas ya samu sabon aiki. Duk lokacin da inji ya gama awarsa, nakan ɗauko gorar da na jingina da farantin sanyi, in gwada ruwan, in ya tsaya wajen 5 in juye a filas, in sa alluran cikin leda biyu a ƙulle in nutsar, in rufe, in mayar da filas ɗin cikin ramin, in cike sararin da ya rage da tawul. Bayan awa 12 in buɗe. Bai taɓa wuce 8 ba. Hannuna na rawa duk lokacin da zan murɗe murfin nan.

Rana ta takwas muka wayi gari rana ta zama farin faranti, ana kallonta ido da ido. Na shafa igiya, yatsana ya fito da jan ƙura. Hazo ne. Mutanen Cape Verde na ce masa bruma seca, ƙurar Sahara ce da iska ke ɗaukowa, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodélé na Chadi, inda hazon da ke rufe Kano da Gumel da hunturu ke tasowa. Na tsaya a gaban jirgi ina shaƙa, ƙirjina ya cika da gida. Sola kuwa ya ragu sosai, sau uku a rana nake goge shi. Tsibirin Santo Antão, mai tsaunin da ya kusa mita 2,000, ba mu gan shi ba sai da muka zo gab da shi. A mashigin da ke tsakaninsa da São Vicente iska ta sake matsewa ta yi ƙarfi, muka shiga gaɓar Porto Grande ta Mindelo da ƙaramin ƙyalle da azahar ɗin rana ta tara, dutsen Monte Cara na damanmu kamar fuskar mutumin da ya kwanta rigingine.

Ana ɗaure igiya na ɗauki filas na nufi shagon da ke bakin matsaya, matar da ke wurin ta buɗe mana firij ɗinta ba tare da dogon bayani ba. Washegari muka juye ruwan tanki muka ɗaga shi. Ga mahaɗar waya nan a bayansa, wani ya taɓa ƙulla ta ya naɗe da salatif. Da na warware, jan ƙarfen ya zama koren gari, yana zuba a tafin hannuna. Muka ja sabuwar waya mai kauri, irin wadda aka shafe da kuza don gishiri, tun daga batir har kwamfuresa babu mahaɗa. Baba ya kunna, inji a kashe. Gurnanin ya dawo.

Kwana huɗu na yi ina taya su shirin mil 2,100 da ke gabansu. Wannan karon kashi uku kaɗai na ɗanyen nama Baba ya saya, ya ba gorunan ƙanƙara rabin ramin, ya kuma roƙe ni in soya musu kilo uku tun muna kan tudu. Kayan miya muka saya a kasuwar gari, yawancinsu daga gonakin Santo Antão jirgin fito ke kawo su, na zaɓi waɗanda ba su taɓa shiga sanyi ba, ayaba kuma na rataye ta ita kaɗai a waje. Na zana sabuwar taswira, na miƙa wa Yaya ma'auni da fensir. Ni na kwance musu igiya. Baba ya riƙe hannuna ya ce in gaida Inna.

Bayan kwana 19, ina kan tsani da buroshin fenti a Las Palmas, saƙon Yaya ya shigo daga tsibirin Martinique na Karebiyan. Hoton shafin littafin jirgi ne, layi biyu na lambobi da rubutunsa, babu wadda ta haura 6. A ƙasa ya rubuta cewa Baba lafiya lau, ƙwai huɗu ne suka taso a kofi, kuma kwalbar nama ɗaya ta rage ba su buɗe ba.